Yadda Hoto da Bidiyo Za Su Fito da Shagonka a Google: Jagora ga Masu Ƙananan Sana'o'i a Bauchi

Da wuya ka sami mai sana'a a cikin garin Bauchi yau wanda ba ya ɗaukar hoton hajarsa. Tela yana ɗauka, mai masa tana ɗauka, kafinta da mai gyaran waya da mai turaren wuta duk haka. Amma in ka bi sawun hotunan nan, kusan dukansu wuri ɗaya suke ƙarewa: status na WhatsApp. Shi kuwa status awa 24 ce rayuwarsa, kuma ba mai ganinsa sai wanda ke da lambarka, kai ma kake da tasa. Wato kana yi wa wanda ya riga ya san ka talla ne. Ɗalibar da ta zo Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa daga wata jiha, da ɗan bautar ƙasa da aka turo cikin gari daga sansanin Wailo, da matafiyin da zai kwana kafin ya wuce Yankari, babu ɗayansu da ke da lambarka. Waya suke ɗagawa su buɗe Google ko taswirar Google Maps su rubuta abin da suke nema. In shagonka bai fito ba, ko ya fito babu hoto ko ɗaya, na maƙwabcinka za su nufa.

Sana'ata ɗaukar hoto ce da shirya wa masu shaguna shafukansu a intanet, kuma kurakuran da nake tararwa ba sa canzawa: hoton aro, hoto mai duhu, takardar talla cike da rubutu a madadin hoton shago, da alamar taswira da ke nuna wata unguwa daban. Dalilin wannan jagorar ke nan.

Bari in faɗi wata gaskiya tun da wuri, domin masu cin kuɗin jama'a da wannan harka sun yi yawa. Google da kansa ya bayyana cewa abubuwa uku yake dubawa wajen jera shagunan da ke kusa da mai bincike: dacewar shagon da abin da aka nema, nisan da ke tsakani, da kuma sanuwar shagon. Hoto ba zai ɗauko shagonka daga Tirwun ya kawo shi Yelwa ba. Duk wanda ya ce ka biya shi ya sa ka zama na ɗaya a Google cikin mako guda, ka riƙe kuɗinka. Abin da hoto ke yi shi ne ya taimaka wa Google ya gane me kake sayarwa, sannan in sunanka ya fito tare da wasu uku ko huɗu, ya sa ido ya tsaya a kanka, mutum ya danna, ya kira, ya kuma gane ƙofar in ya iso. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Abubuwan da za ka tanada

- Wayar da kyamararta ke aiki sosai. Tecno ko Infinix ko Samsung ta shekarun nan ta wadatar, ba sai ka ci bashi ka sayi mai tsada ba.
- Adireshin Gmail naka na kanka, wanda kai ka san kalmar sirrinsa.
- Lambar wayar da kake ɗagawa a lokacin kasuwa.
- Allon shago mai ɗauke da sunan sana'arka, wanda aka kafa shi, ba kwali da aka jingina ba.
- Ƙyalle mai laushi na goge gilashin kyamara.
- Farin yadi ko farin kwali babba da za a shimfiɗa a bayan ƙananan kaya.
- Abin riƙe waya mai ƙafa uku. In babu, a jingina wayar da wani abu mai nauyi a kan tebur.
- Data isasshiya, da wayar da aka yi wa caji.

Mataki na 1: Ka mallaki shafin shagonka a Google

Sunan wannan tsari Google Business Profile. Da Google My Business ake ce masa, aka sauya sunan a 2021. Kyauta ne. Shi ne akwatin nan da ke fitowa da sunan shago da lambar waya da lokutan buɗewa da hotuna in an nemi wuri. Babu amfanin duk wani hoto da za ka ɗauka in ba ka da inda za ka ajiye shi ya zauna.

Ka fara neman sunan shagonka a Google Maps. Sau da yawa za ka tarar wani mai wucewa ya riga ya sa shi. In haka ne, kada ka buɗe sabo, ka nemi mallakar wanda ke nan, don shafi biyu a kan shago ɗaya rarraba maka masu nema yake yi.

Kurakurai uku ake yi a nan. Na farko, a ba wa yaron unguwa ko mai shagon kwamfuta ya buɗe shafin da nasa Gmail ɗin. Ranar da ya bar gari ko kuka saɓa, ya tafi da shafin da hotunan da sharhin kwastomomi. Ka buɗe da naka, in kana son mai taimako akwai hanyar ƙara shi a matsayin manaja, ka kuma cire shi lokacin da ka so. Na biyu, a cika suna da ƙari: shagon da allonsa ke da kalma biyu, a shafi sai ka ga an jera masa tela da shadda da Bauchi da arha duk a cikin suna. Ƙa'idar Google ita ce sunan ya zama yadda yake a allo, kuma ana iya dakatar da shafi a kan wannan. Wurin faɗin irin sana'arka daban ne, wato gurbin zaɓen rukuni, kuma a nan ne ya kamata ka natsu ka zaɓi wanda ya fi dacewa. Na uku, mutum ya zauna a gida da dare ya buɗe shafin, alamar taswira ta faɗa a kan gidansa a Fadamar Mada alhali shagon yana Muda Lawal. Ka tsaya a bakin shagon ka saita alamar da hannunka. Da yake yawancin lungunanmu ba su da lambar gida, ka danna wurin a taswira ka kwafi 'yar gajeriyar lambar nan ta haruffa da alƙaluma da ake kira Plus Code, ka riƙa tura wa masu kawo saƙo.

'Yar'uwa mai sana'a a cikin gida, ba dole ba ne ki nuna wa duniya ƙofar gidanki. In ke kike aika wa masu saye kaya, akwai zaɓin ɓoye adireshi, ki faɗi yankunan da kike kai wa kawai.

Mataki na 2: Bidiyon tantancewa

Bidiyo na farko da za ka ɗauka ba na talla ba ne. Kafin Google ya sakar maka ragamar shafin, zai so ya tabbatar shagon yana nan kuma kai ke tafiyar da shi. Shi ke zaɓar hanyar tantancewar, kuma a yanzu sau da yawa bidiyo yake nema. A nan mutane da dama suke maƙalewa su haƙura.

Bidiyon a cikin shafin ake ɗaukarsa kai tsaye, ba daga ma'ajiyar hotunan waya ake ɗorawa ba. Ɗauka ɗaya ce, ba yankewa, ba gyara, kuma kada ta gaza daƙiƙa 30. Abu uku ake son gani. Inda kake: titin, allon sunansa in akwai, ko allunan shagunan maƙwabta. Shagon kansa: allonka da sunan ya fito a karantu, da kayan aiki da haja. Sai shaidar cewa naka ne: ka buɗe kwaɗon ƙofa da makulli, ka shiga bayan kanta ko ɗakin ajiya, inda mai saye ba ya shiga.

Don haka ka zo da sassafe kafin ka buɗe, ka fara daga bakin titi, ka taho a hankali, ka tsaya a kan allo kamar daƙiƙa uku, ka buɗe ƙofa, ka shiga. Ka gwada tafiyar sau ɗaya ba tare da ɗauka ba don ka san inda za ka bi. Kada fuskokin mutane su fito, kada lambar asusun banki da aka manna a bango ta fito. Ka duba ƙarfin sabis kafin ka fara, domin a cikin rumfunan kwano na Wunti ko Babbar Kasuwa bidiyo kan tsaya a tsakiyar ɗorawa. Dubawar takan ɗauki har kwana biyar na aiki. A cikin kwanakin nan kada ka taɓa suna ko adireshi.

Akwai kuma masu kira su ce daga Google suke, a turo musu lambar da ta shigo waya ko a biya kuɗin rajista. Google ba ya karɓar kuɗi a kan wannan shafi. Kashe wayarka.

Mataki na 3: Hoton waje

Wannan shi ne hoton da aka fi rainawa, kuma a ganina ya fi kowane muhimmanci. Wanda ke cikin keke napep yana bin taswira, taswirar za ta kawo shi layin ne kawai. A jerin shaguna ashirin masu ƙofar ƙarfe iri ɗaya, hoto ne zai nuna masa taka.

Ka tsallaka titi ka ɗauki shagon gaba ɗaya, allo a sama, ƙofa a buɗe, da ɗan abin da ke dama da hagu. Sannan ka ɗauka daga kowane ɓangaren da ake fitowa. In shagonka yana kan titin Jos, wanda ya taho daga cikin gari da wanda ya shigo daga waje ba abu ɗaya suke gani ba. In akwai alamar da kowa ya sani, masallaci ko gidan mai ko shataletale, ka yi ƙoƙari ta shigo cikin hoto ɗaya. Wanda ke cikin kasuwa ya ɗauki ƙofar da ta fi kusa da shi, ya ɗauki bakin layin, sannan rumfar. In kana ciniki da dare, kamar mai shayi ko mai tsire ko kantin magani, ka ƙara hoton dare da fitilu a kunne, saboda wuri yakan sauya kama bayan magariba.

Rana ta kasance a bayanka. Shagon da ke kallon gabas da hantsi ake ɗaukarsa, mai kallon yamma kuwa bayan la'asar. Da tsakar rana inuwar rumfa takan haɗiye allo, hoton ya fito rabi fari fat rabi baƙi. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yana kashe launi, sai a matso kusa, a kuma goge gilashin kyamara kafin kowace ɗauka. Kafin ka danna, ka share gaban shagon, a kawar da ledoji da jarkoki da babur ɗin da aka jingina a ƙofa.

Hoton waje yana tsufa. Wanda aikin titi ko na gadar sama ya taɓa layinsa, kamar yadda ya faru a kewayen Wunti, ko wanda ya sake fenti ko allo, ya sake ɗauka ya cire tsohon. Tsohon hoto ɓatar da baƙo yake yi.

Mataki na 4: Hoton haja da na cikin shago

Haske shi ne komai. Kada ka ɗauka a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ja, kada ka kunna fitilar waya. Ka fito da kayan bakin ƙofa, inda hasken rana ke shigowa amma ranar ba ta dukansu kai tsaye. Farar shadda a ƙarƙashin jan ƙwai ruwan madara take komawa, shuɗi ya koma wani abu daban, kuma daga nan ake samun rigimar "ba wannan kalar na gani ba". Ka shiga saitin kyamara ka kashe duk abin da ke gyara fata ko ƙara launi, ka kashe tambarin nan da ke rubuta sunan wayar a ƙasan hoto. Kada ka ja hoto da yatsu don ya matso, hakan dusashe shi yake yi. Kai ka matsa. Ka taɓa kan kayan a fuskar waya don kyamara ta daidaita a kansu, ka riƙe da hannu biyu.

Kowace sana'a da abin da mai sayenta ke son gani. Tela ya rataye kaftani ko babbar riga bayan an yi guga, ya ɗauke ta gaba ɗaya, sannan ya matso ya ɗauki aikin wuya da bakin hannu, domin a nan ake gane hannun tela. Rigar da aka ninke a leda ba ta nuna komai. Mai masa ta ɗauka tana fitowa daga tanda da zafinta, a faranti mai tsabta, da miya ko yaji a gefe, ta kuma ɗauki wurin zaman masu ci. Baƙon da ya ji labarin masar Bauchi tun daga garinsu, abin da yake tambayar kansa shi ne ko wurin zai zaunu. Kafinta ya fitar da gado ko kujera inda babu tarin diddigar katako a baya, ya ɗauka ta gaba da ta gefe. Mai gyaran waya ya nuna teburin aikinsa da kayan gyara a jere. Mai masauki ya nuna ɗaki da banɗaki da wurin ajiye mota, yadda suke, ba yadda yake fata su zama ba.

Sai cikin shago: ka tsaya a ƙofa ka ɗauki abin da mai shigowa zai fara gani. Hotuna goma zuwa sha biyar masu kyau sun isa a fara da su. Hoto ɗaya da aka ɗauka sau takwas ba hotuna takwas ba ne.

Dalilin wannan wahala bai tsaya kan idon mutum ba. Na'urorin Google suna gane abin da ke cikin hoto, suna karanta rubutun allo da na jerin abinci. Manhajar Google Lens, wadda ta fito a 2017, aikinta ke nan: mutum ya nuna mata takalmi ta nemo masa irinsa. Hoton da ya fito sarai yana gaya wa na'ura abin da kake sayarwa. Mai duhu ba ya gaya wa kowa komai.

Mataki na 5: Kada ka ari hoto, kada ka mayar da shi takardar talla

Zanen aro ba ya rufe katara. Telan da ya sauko da hoton ɗinkin wani daga Instagram ya ce nasa ne, ranar da aka kawo masa yadi aka ce "irin wannan", ranar zai gane. Ƙa'idar Google ta hana ɗora hotunan da aka kwaso daga intanet, da hotunan fuskar waya, da waɗanda wasu suka ɗauka ba da izininsu ba, kuma yana iya cire su. Mai hoton ma yana da haƙƙi a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022. Hotunan da ake haɗawa da manhajojin ƙirƙirarriyar basira, a fito da shago mai tayil da gilasai wanda babu shi a ƙasa, su ma wannan layin suke.

Na biyu, takardun tallan da ake tsarawa da launuka da lambobin waya uku da "sai kun zo". Suna da wurinsu a status da Facebook, amma ba a taswira ba. Google ya iyakance rubutu ko tambarin da ake ɗorawa a kan hoto da kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na hoton, kuma ya tsaya a gefe ɗaya. Lambar wayarka tana da gurbinta a shafi. Farashi kuwa, ina ba da shawarar kada a manna shi a jikin hoto ko kaɗan. Da yadda kaya ke hawa a kasuwa, hoton bara da farashin bara zai jawo maka musu da mai saye tun kafin a gaisa.

Mataki na 6: Girman hoto da yadda za ka ɗora

Google yana karɓar hoto nau'in JPG ko PNG, mai nauyi tsakanin 10 KB da 5 MB. Girman da ya ba da shawara shi ne 720 da 720, mafi ƙanƙanta 250 da 250. Yawancin abin da wayoyinmu ke ɗauka ya cika wannan.

Inda ake ɓata shi shi ne a hanya. Yaron shago ya ɗauka, ya tura wa maigida ta WhatsApp, maigida ya tura wa mai ɗorawa, kowace turawa tana matse hoton. Ka ɗora daga wayar da ta ɗauka. In dole sai an tura, a tura shi a matsayin takarda, ko a danna HD. Sai dai a kula: hoton da aka tura a matsayin takarda yana iya tafiya da bayanin wurin da aka ɗauke shi, in saitin wuri a kunne yake a kyamara. Mai sana'a a gida ta kashe wannan saitin. A kan wannan bayanin wuri ne ma wasu ke karɓar kuɗi, wai za su cusa wa hotunanka shi don ka hau sama. Google bai lissafa shi cikin abubuwan da yake dubawa ba.

Ka zaɓi tambari da hoton bango, amma ka sani Google ba ya alkawarin cewa wanda ka zaɓa ne zai fara nunawa. Sabon hoto kuma yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin ya bayyana, kada ka yi ta maimaita ɗorawa.

Wanda ke da shafin intanet nasa na kansa yana da ƙarin aiki. Ya sauya wa hoto suna daga jerin alƙaluman da waya ke ba shi zuwa wani abu kamar kaftani-shadda-bauchi.jpg, ya rage nauyinsa zuwa kamar 200 KB. Mai saye da ke lallaɓa datar naira ɗari biyu ba zai jira hoto mai nauyin 4 MB ya buɗe ba.

Mataki na 7: Bidiyon talla

A shafin Google, bidiyo ba ya wuce daƙiƙa 30 da nauyin 75 MB, kuma ingancinsa ya kai 720p ko fiye. Daƙiƙa 30 ta isa a nuna abu ɗaya. Mai kilishi yana shafa labu, keken aiki yana zagaya wuyan riga, ana juya masa a tanda, ko tafiya daga bakin titi zuwa ƙofar shago. Wannan na ƙarshe ya fi duk wani kwatance da baki, gani ya kori ji.

Ka kafa wayar wuri ɗaya ko ka tafi da ita a hankali. Ka kashe janareta in za ka yi magana, don ƙararsa takan danne murya. Ka shiga aikin kai tsaye, kada ka cinye rabin lokacin da gaisuwa da godiya ga masoya. A jimlar farko ka faɗi sana'arka da unguwarka da bakinka.

Mai tsawo kuma YouTube ne gidansa. Mallakar Google ne tun 2006, bidiyoyinsa suna fitowa a sakamakon bincike, kuma ba sa ɓacewa bayan kwana ɗaya. Gajerun bidiyoyinsa na tsaye suna kaiwa minti uku tun Oktoban 2024. Bidiyon da ke amsa tambaya ya fi daɗewa ana nemansa: yadda ake gane shadda mai kyau, yadda ake adana kilishi, yadda ake auna ɗaki kafin a sayi labule. Bidiyo ɗaya ka ɗora shi a YouTube da Facebook da TikTok da Instagram, amma kowanne daga asalin da ke wayarka, ba wanda ka sauko da shi da tambarin wata manhaja ba. Waƙar mawaƙi da ake ɗorawa a kai tana iya sa a kashe sautin bidiyon saboda haƙƙin mallaka. Ƙarar keken ɗinki ko ta mai a tanda ta fi ta amfani.

Mataki na 8: Rubutun da ke raka hoto

Da kalmomi ake bincike. Hoton da aka saka aka rubuta "Masha Allah, sabon kaya" a ƙasansa ya yi godiya, amma bai faɗi mene ne ba, bai faɗi a ina ba. A ƙarƙashin kowane hoto da kan kowane bidiyo ka amsa abu uku: mene ne wannan, wa ya yi, a wace unguwa a Bauchi.

Ka rubuta da kalmomin da mai nema zai buga. Baƙon Kano waina zai rubuta, ɗan gari masa, to su biyun su fito a cikin bayaninka. Yawancin mutane ba sa sa lanƙwasa a haruffa in suna rubutu a waya, "dinki" suke bugawa. Ɗaliban Gwallameji da Yelwa da ma'aikatan da aka turo daga kudu kuma da Turanci suke nema, "tailor in Bauchi" ko "masa near me". Jimla ɗaya ta Hausa da ɗaya ta Turanci sun wadatar. Maimaita Bauchi sau goma ko jera alamomin hash talatin ba ya ƙara komai.

Facebook da Instagram da shafukan intanet suna da wani gurbi da ake kira alt text, inda ake bayyana abin da ke cikin hoto a jimla ɗaya. An yi shi ne don makafi masu amfani da manhajar karanta fuskar waya, injinan bincike ma suna karanta shi. Tun Yulin 2025 kuma Instagram ya bar injinan bincike su riƙa nuna abin da shafukan kasuwanci suka wallafa a bainar jama'a. Don haka ka mayar da shafinka na kasuwanci, ka bar shi a buɗe, kuma suna da lambar waya da adireshi su zama iri ɗaya a ko'ina.

Mataki na 9: Hotunan kwastomomi da batun izini

Mai nema ya fi yarda da hoton da mai saye ya ɗora a kan naka. In mutum ya yaba da aiki, ka roƙe shi ya rubuta sharhi a Google ya haɗa da hoto, ka tura masa mahaɗin don ya sami sauƙi. Kada ka biya, kada ka yi alkawarin ragi ko katin waya, Google ya hana, kuma yana goge irin waɗannan. Kada ka tara 'yan'uwa su rubuta yabo rana ɗaya. Hoton da wani ya ɗora ba za ka iya goge shi ba, sai dai ka kai ƙara in ya saɓa ƙa'ida. Maganin mummunan hoto shi ne ka gyara abin da ya nuna, ka ɗora sababbi masu kyau.

Fuskar mutum ba hajarka ba ce. Mai lalle da mai kwalliyar amare da telan mata su suka fi faɗawa wannan. Amarya ta zo a yi mata ado, washegari ta ga kanta a Facebook, magana ta kai gidan miji. Ki tambaya kafin ki ɗauka, ki faɗi inda za ki sa, in an ce a'a to a'a ce. Hannu da ƙafa sun isa nuna lalle. Hoton yaro sai da yardar iyayensa. Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, amma ko babu doka, a gari irin Bauchi da kowa ya san kowa, hoto ɗaya da aka saka ba izini ya isa ya kore maka dangi guda. Ka kuma duba bayan hoto kafin ka ɗora: aljihun kuɗi, rasiɗin POS, lambar motar mai saye, ƙofar baya da irin kwaɗonka. Ba masu saye kaɗai ke kallo ba.

Mataki na 10: Ka duba, ka sabunta

A cikin shafin akwai sashen da ke nuna mutum nawa suka kira, nawa suka nemi hanya, da kalmomin da aka buga aka same ka. Ka leƙa sau ɗaya a wata. In ka ga ana samunka da kalmar da ba ka zata ba, ka ƙara hotunan wannan kayan. Kada ka auna kanka da wayarka kana zaune a shago, domin kusanci zai sa ka ga kanka a sama. Ka sa wani ya nema daga Yelwa, wani daga Gida Dubu. Sabon mai saye kuma ka tambaye shi inda ya gan ka.

Hoto biyu ko uku a mako sun fi hamsin a rana ɗaya sannan shiru shekara guda. Ka bi lokutan kasuwarka: tela ya ɗora sababbin ɗinkuna tun kafin azumi ya kama, ba ana jajibirin Sallah ba, lokacin da ya riga ya daina karɓar aiki. Mai kayan ɗaki ya shirya wa bukukuwan ƙarshen shekara, mai littattafai da jakunkuna ya shirya wa komawar makarantu. Ka gyara lokutan buɗewa na Juma'a da na ranakun Sallah, don hoto ya kawo mutum ya tarar da ƙofa a kulle ya fi rashin zuwansa muni.

In duk wannan ya yi maka yawa a mako ɗaya, ka yi mataki na 1 da na 2 da na 3 tukuna. Gobe da hantsi, kafin ka buɗe shago, ka goge gilashin kyamara, ka tsallaka titi ka ɗauki ƙofarka.